Yadda Makiyayi Zai Auna Ajin Renon Yara

Ikkilisiyoyinmu a Tambuwal da Kebbe ƙanana ne. Inda aka buɗe ajin renon yara a harabar majami'a, sau da yawa fasto ne shugaban kwamitin makaranta, kuma shi dattawa za su tambaya ko malama tana aiki. Mun saba auna aikinta da ranar bikin yaye yara: wane yaro ya ƙirga zuwa ɗari, wace yarinya ta rera waƙar Turanci. Wannan ma'auni bai isa ba, gama bai nuna mana ko yaron ya koyi zama da mutane da riƙe zuciyarsa ba.

Abin da Hukuma ta Tanada

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa renon ƙananan yara cikin ilimin tushe. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta ware shekara ɗaya ta share fage kafin firamare, ta ce malama ɗaya ga yara 25, koyarwa kuma ta hanyar wasa. Cikin burin da ta lissafa akwai cusa halin zaman jama'a da haɗin kai. Saboda haka makiyayin da ya tambayi halin yara yana tambayar abin da hukuma ma ta ɗora wa makarantar.

Dalilin da Ya Sa Hali Ke da Nauyi

A garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, daga 1962 zuwa 1967, an yi gwaji da yara 123 daga gidajen talakawa a makarantar Perry. An sa wasu a ajin reno, wasu ba a sa su ba, aka bi rayuwarsu har suka manyanta. Fifikon da 'yan ajin suka samu a gwajin kaifin ƙwaƙwalwa ya dushe bayan 'yan shekaru. Duk da haka sun fi sauran samun aikin yi, kuma an fi ƙarancin kama su da laifi. Masanin tattalin arziki James Heckman ya nuna cewa gyaran hali ne ya ɗauki babban kaso na wannan riba. Mutanenmu sun riga sun faɗa: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abubuwa Huɗu da Za Mu Duba

Mu je ajin ranar da ba a sa ran zuwanmu ba, mu zauna a baya na awa guda, mu yi shiru.

Na ɗaya, tarbar safe. Malama tana kiran kowane yaro da sunansa? Wanda ya zo yana kuka, an rarrashe shi ko an daka masa tsawa? Wasu yaran yankinmu sun baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga. Irin wannan yaro yakan firgita da ƙarar ƙofa, ko ya yi fitsari a wando, ko ya daina magana. Bulala za ta ƙara masa tsoro ne kawai.

Na biyu, rikici. Yara biyu sun kama faɗa a kan allo ko ƙwallo. Malamar kirki takan durƙusa daidai tsayinsu, ta ji bakin kowa, ta ba abin da ke zuciyar yaron suna: ka ji haushi, kin ji tsoro. Sai ta nuna musu yadda za a yi bi da bi. Idan kullum sanda ce ke raba gardama, yaran suna koyon cewa mai ƙarfi ne mai gaskiya.

Na uku, harshe. Yaro ɗan shekara huɗu ba zai iya faɗin damuwarsa da Turanci ba. Mu duba ko ana barinsa ya yi magana da Hausa, kuma ko ana kula da ɗan Fulani ko ɗan baƙo da Hausarsa ba ta nuna ba tukuna.

Na huɗu, wasa da tatsuniya. Akwai lokacin wasan ƙasa, da 'yar tsana, da waƙar tafi? Labarin Gizo da Ƙoƙi hanya ce ta tambayar yara: wa aka cuta, yaya ya ji, me ya kamata a yi?

Bayan Ziyara

Kada mu tsawata wa malama a gaban yara. Mu zauna da ita, mu fara da abin da ta yi daidai, mu zaɓi abu ɗaya da za a gyara kafin ƙarshen zango. Mu kuma auna kanmu. Malamar da aka tara wa yara hamsin, albashinta kuma bai fito ba wata biyu, laifin yana wuyan kwamiti. Iyaye ma suna bukatar bayani, gama da yawa suna ganin ajin da babu bulala babu tarbiyya.

A Markus 10:13-16 Ubangijinmu ya ji haushin almajiran da suka hana yara zuwa wurinsa, ya rungume su. Maƙwabtanmu Musulmi da suka amince suka kawo mana 'ya'yansu za su san ko muna bin wannan gurbi daga yadda yaran ke komawa gida.

Tambayoyin Tattaunawa

1. Yara nawa ke hannun malama ɗaya a makarantar ikkilisiyarku?
2. Yaya za ku amsa wa dattijon da ya kafa hujja da Karin Magana 13:24 a kan dukan ɗan shekara uku?
3. Wace gudummawa zumuntar mata za ta iya ba wannan aji?