WAYAR WUTA ZA TA RATSA MAKIYAYA: WA AKE TAMBAYA, WA AKE BIYA?

Duk wanda ke zaune a Briqueterie ko Cité Verte ya san zafin ɗaukewar wuta. Mahauci ya sani in firij ya mutu da nama a ciki, tela ya sani, mai niƙa ma ya sani. Saboda haka babu wanda ya yi baƙin ciki da aka gama madatsar ruwa ta Nachtigal a kan kogin Sanaga, kimanin kilomita 65 daga Yawunde. Injuna bakwai ne, kowane yana ba da megawat 60, jimla 420 ke nan, aka kunna na farko a 2024, na ƙarshe a 2025. To amma wuta ba ta tashi sama kamar shaho ta sauka a gari. Sai an kafa mata turaku, turakun nan kuwa a kan ƙasar wani ake kafa su. Wannan shi ne abin da muke so 'yan ƙungiya su tsaya su duba da mu.

Wayar da ke kawo wutar Nachtigal ta yi tafiyar kusan kilomita 50, ta bi ta wajen Batchenga da Obala, ta sauka a tashar Nyom II da ke arewacin Yawunde. Wannan an riga an gama. Wadda ta fi shafarmu ita ce ta arewa. A shekarar 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 385 domin a haɗa wutar kudancin Kamaru da ta arewa, sannan a miƙa har Cadi. Hanyar da aka zana ta tashi daga yankin Nachtigal ta bi Ntui, Yoko, Tibati har kusa da Ngaundere, fiye da kilomita 500. Kamfanin gwamnati SONATREL, wanda aka kafa a 2015 don kula da manyan wayoyi, shi ke riƙe da aikin a ɓangaren Kamaru. Duk falken shanu da ya ji sunayen garuruwan nan ba sai an yi masa bayani ba. Ita ce hanyar da dabbobin Adamawa ke gangarowa kudu, can ne da yawa daga cikinmu ke da garke a hannun makiyaya, wasu kuma da shinge inda ake kiwata bijimai kafin a kawo su kara ta Etoudi.

A bisa al'ada, ƙarƙashin babbar waya ba a yin gini, ba a barin dogon itace. Saniya dai tana iya kiwo a wurin bayan an gama aiki. Ɓarnar tana zuwa ne ta wata fuska: a sare itatuwan inuwa inda garke ke hutawa da rana, a rushe shinge ko bukkar makiyayi, hanyar manyan motoci ta yanke burtali, ko turke ya faɗo daidai bakin mashaya. Hanyar motar kuma, in ta buɗe daji, manoma sukan biyo ta, shekara biyu uku sai ka tarar makiyaya ta zama gonar rogo.

To, me doka ta ce? Dokar ƙwace ƙasa don amfanin jama'a ita ce mai lamba 85-09 ta ranar 4 ga Yuli 1985, tare da dokar zartarwarta ta Disamba 1987. In minista mai kula da filaye ya ayyana cewa aiki na amfanin jama'a ne, sai a kafa kwamiti na dubawa da ƙiyasta dukiya, a matakin gunduma perfe ke shugabantarsa. Wajibi ne a sanar da mutanen wurin aƙalla kwana 30 kafin kwamitin ya zo. Idan ya zo, yana ƙirga abin da idonsa ya gani ne: gida, rijiya, kabari, itacen koko, mangwaro, ayaba. Amfanin gona har farashinsa an yanka a wata doka ta Firayim Minista ta ranar 25 ga Fabrairu 2003, kowane itace da kuɗinsa gwargwadon shekarunsa. Ita kuwa ƙasar kanta, mai takardar mallaka, wato titre foncier, shi ke da ƙarfin neman kuɗinta.

Nan ne gizo ke saƙar. Ciyawa ba itacen koko ba ce, ba a ƙirga ta gindi gindi. Mutumin da kakansa ya yi kiwo a fadama tun kafin zuwan Jamus, in ba shi da takarda, ƙasar nan a idon doka ta shiga cikin abin da dokar 6 ga Yuli 1974 ta kira ƙasar al'umma, gwamnati ke riƙe da ita. Amma kada mu yi saurin cewa dokar ta manta da mu. Da take lissafa ƙasar da mutane ke zaune a kai ko suke amfani da ita, ta ambaci makiyaya da hanyoyin dabbobi da sunansu, sai dai ta sa sharaɗi: a ga alamar hannun mutum a fili. Wato rijiyar da ka haƙa, shingen da ka kafa, wurin wankan dabbobi da ka gina, ciyawar da ka shuka, su ne shaidunka. Wanda ya ce "nan muke kiwo kowace rani" ba tare da komai a ƙasa ba, maganarsa sai ta samu mai goya mata baya, ko lamido, ko jauro, ko ma'aikacin dabbobi na yankin.

Kuma akwai matsalar lokaci, wadda mu muka fi kowa saninta. Manomi yana gida shekara duka. Makiyayi kuwa in rani ya yi ya gangara kwari neman ruwa, mai shanun kuma yana nan Yawunde yana ciniki. Sanarwa tana manne a ofishin su-perfe da Faransanci. Kwamiti ya zo, ya tarar da fili babu kowa, ya rubuta babu kowa. Ba lallai ne da mugunta ba, abin da ya gani ya rubuta. Amma takardar da aka sa wa hannu ran nan ita za a buɗe bayan shekara uku in an zo biya.

Kafin ma kwamitin ƙirga, akwai wani zama da ya fi shi muhimmanci, mutane kuwa sun fi raina shi. Dokar muhalli ta 5 ga Agusta 1996, da dokar zartarwa ta Fabrairu 2013, sun wajabta wa mai babban aiki ya yi binciken illar aikinsa, ya zauna da jama'ar da abin zai shafa, ya aika wa wakilansu jadawalin zaman kwana 30 kafin na farko, a kuma rubuta abin da aka faɗa a sa hannu. A wannan mataki hanyar wayar tana kan takarda, ana iya karkata ta. Injiniya zai iya matsar da turke mita ɗari don ya kauce wa mashaya, in an gaya masa kafin a zuba kankare. Bayan an zuba, sai dai maganar diyya, diyya kuwa ba ta haƙa wa saniya wani tafki.

Kada kuma wani ya ce magana ba ta da amfani. A Nachtigal ɗin nan, masunta da masu haƙar yashi da mata masu sayar da kifi, waɗanda yawancinsu ba takardar ƙasa ce hujjarsu ba, sun ga abin da aka ba su bai kai asarar sana'arsu ba. A 2022 suka kai ƙara ofishin sauraron koke na IFC, reshen Bankin Duniya da ke da hannun jari a kamfanin madatsar, aka zauna sulhu da su. Dalili shi ne ƙa'idojin masu ba da bashin sun fi dokar ƙasa faɗi: suna lissafa wanda ya rasa hanyar cin abincinsa ko da ba shi da takarda, kuma rasa wurin kiwo yana ciki. Wayar arewa ma da kuɗin Bankin Duniya ake yin ta. Sai dai su ma suna da ranar rufe ƙidaya, wanda ya zo bayanta sai ya sha wahala kafin a saurare shi.

Ita ma gwamnati ta ɗanɗana. Madatsar Memve'ele da ke kudu an gama gininta tun 2017, amma aka yi shekaru wutarta ba ta isa Yawunde gaba ɗaya ba don wayar ba ta kammala ba, rigimar biyan diyya kuwa na cikin abin da ya ja aikin. Mu da ke cikin duhu a Briqueterie a shekarun nan, da mai gonar da ke jiran kuɗinsa, igiya ɗaya ta ɗaure mu.

Shawararmu ga duk mai garke ko shinge tsakanin Ntui da Ngaundere: ya aika a tambaya a ofishin su-perfe ko an riga an yi ƙirga a yankinsa, kuma sunan wa aka rubuta. Sau da yawa sunan yaron da aka tarar a wurin ake rubutawa, ba na mai dukiya ba. Katin shaida ya zama yana da rai, domin ba a biyan mutum sai da shi. Takardun rigakafi da rasit na harajin dabbobi kada a yar, suna nuna shekarun da garke ya yi a wuri. In an kira zama, a tafi da mai jin Faransanci da Fulatanci, kada a sa hannu sai an karanta, a kuma nemi a rubuta sunan burtali da mashaya a cikin takardar zaman, ba a baki kawai ba.

Wanda kuma aka yanka masa kuɗin da bai gamsu da shi ba, doka ta 1985 ta ce ya fara kai kukansa a rubuce ga hukumar filaye. In amsar ba ta yi masa ba, wata ɗaya kacal yake da shi daga ranar da aka sanar da shi ya shigar da ƙara a kotun yankin da filin yake.