Shirwa da 'yan tsaki: Yadda masu kiwo a Birnin Kebbi da Argungu ke kare kajinsu

Hausawa na cewa kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. A gidajen Birnin Kebbi da Argungu, mai kazar ma na cikin wannan tsoron, domin sau da yawa kajin nan su ne asusun matar gida: da su ake sayen magani, da su ake ɗinkin sallar yara.

Ɓarnar ta fi yawa ne a inda ake watsa tsaba a tsakar gida. Da zarar 'yan tsaki da tantabaru da kurciyoyi sun taru a fili, shirwa ko shaho na hango su daga sama, sai a wayi gari sun mayar da gidan wurin farauta.

Shi ya sa masu kiwo ke kifa wa 'yan tsaki kwando ko su tsare su a akurki har su yi ƙwari. Wasu na zuba tsabar a ƙarƙashin rumfa ko gindin rumbu, wasu kuma su shafa musu shuɗin launi don ɓatar da kamanninsu. Haka nan idan aka daina watsa tsabar na 'yan kwanaki, maharin kan sauya wuri.

Sai dai sanya guba ba mafita ba ce. Tsuntsayen nan na cin ɓeraye da fara, shaho kuma na kama jan-baki, wanda ke cinye wa manoma shinkafa a fadamun Gulbin Rima. Wanda ya kashe shaho saboda ɗan tsako, ya rage wa gonar shinkafa mai gadi.