Shin Ko Kun San? Malamin Daji, Wuta da Baƙo

Shin ko kun san cewa Ƙaraye da Rogo ba su da gandun dajin tarayya ko ɗaya, amma tsakanin manyan dazuka suke zaune? A maƙwabciyarsu Ƙiru akwai dajin Ɗansoshiya. Kudu maso gabas ga Falgore. Ta yamma, cikin jihar Katsina, ga dajin Kogo, gaba can kuma Kamuku a ƙasar Birnin Gwari. Makiyayi da mai gawayi da maharbi duk ta waɗannan hanyoyi suke kai-komo, don haka abin da ya sami dazukan bai bar manomin Rogo ba.

Shin ko kun san a 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙarin gandun daji 10 na tarayya, kuma Falgore da Kogo da fadamar Haɗeja suna ciki? Kafin nan bakwai ne kacal: Tafkin Kainji, Gashaka Gumti, Tafkin Chadi, Kamuku, Okomu, Tsohuwar Oyo da Kuros Riba. Yankari, wadda kowa ya fi sani, ba ta cikin lissafin, domin tun 2006 aka mayar wa gwamnatin Bauchi da ita.

Wanda kakanninmu ke kira malamin daji, mai hana saran itace ba da takarda ba, shi ne asalin aikin tsaron gandun daji. Sai dai na yau ya wuce riƙe littafi da alƙalami. Jami'in Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa kaki yake sawa, yana ɗaukar bindiga, kuma dokar hukumar ta 1999 ta ba shi ikon kama duk wanda ya shiga gandu ya yi farauta, ko kiwo, ko saran itace, ko ya cinna wuta ba da izini ba. Daga nan sai kotu. Yakan yi kwanaki yana sintiri a ƙafa, garin kwakinsa da gorar ruwa a jaka, yana kwance tarkon waya da maharba suka ɗana a hanyar da namun daji ke bi zuwa mashaya, yana duba tokar murhu ko da sauran ɗumi, don ya san jiya aka tashi ko yanzun nan.

Aikin na sayar da rai ne. A gandun Virunga na Kwango kaɗai an kashe jami'ai sama da 200. Shi ya sa duk 31 ga Yuli duniya ke tunawa da masu tsaron daji. Mu nan ko labarin ranar ba kowa ke ji ba.

Shin ko kun san faɗin Gashaka Gumti ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419? Kamuku kuwa ya ɗan zarce 1,100. Ku auna yawan mutanen da za su iya zagaye irin wannan fili a ƙafa. Inda ido bai kai ba, ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka kai. Abin da ya sami Kamuku ke nan, har masu yawon buɗe ido suka ƙaurace masa. Falgore ma ta sha wannan suna, sai da sojoji suka buɗe filin atisaye a cikinta a 2017.

Ga baƙo kuma, doka ta farko ita ce kada ya shiga daji ba ɗan jagora. Mutane zaki suke tsoro, alhali dorina da ɓauna da giwa mai ɗa sun fi saurin far wa mutum. Wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki na Yankari ya san ma ba su ne fitinar kullum ba. Gwaggon biri ne. Ka bar tagar mota a buɗe ka tafi wanka a ruwan ɗumin Wikki mai zafin digiri 31 rani da damina, ka dawo ka iske shi zaune kan rufin motar yana yaga ledar burodinka, ko kallo ba ka ishe shi ba. Laifin na masu jefa masa abinci ne, su suka cire masa tsoron mutum.

Wani lokaci haɗarin daga ɗan Adam yake. Ranar 9 ga Agusta, 2020, 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a dajin raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai: Faransawa shida, da direbansu da ɗan jagoransu 'yan Nijar.

Shin ko kun san kusan kashi 70 cikin 100 na filin da wuta ke ci a duniya kowace shekara a Afirka yake? Mafi yawa kuma hannun mutum ne. Yara sun tura hayaƙi a ramin gafiya. Mai zuma ya yar da bakin wutarsa a gindin bishiya. Makiyayi na son sabon tofo, manomi na sharar gona, direba ya wurgo guntun sigari. Da iskar hunturu ta kaɗa, shi ke nan, tarin kara da harawar da aka yi damina guda ana wahalarsu sun tafi kafin la'asar.

Abin mamaki, su kansu jami'an gandu sukan sa wa daji wuta da gangan. Da zarar ruwa ya ɗauke, ciyawa na da sauran ɗanye, sai su ƙona ta yanki-yanki. Wutar wannan lokaci ba ta da ƙarfi, takan mutu da kanta in raɓa ta sauka, ba ta kashe manyan itatuwa. Wurin da ta riga ta ci kuwa shi zai tare muguwar wutar Fabrairu da Maris, wadda ke lashe ɗorawa da kaɗanya har reshe. Hikima ce mai arha, kuma a ganina ta fi motar kashe gobara amfani a daji, tunda motar ba ta da hanyar shiga.

Shin ko kun san daga sama ake hango wutar? Hukumar NASA ta Amurka ta harba taurarin ɗan Adam, Terra a 1999 da Aqua a 2002, masu gano zafin wuta a doron ƙasa. Cikin kamar sa'o'i uku sai jan ɗigo ya fito a taswirar FIRMS ta hukumar a intanet, kyauta, ko da wayar hannu za a duba. Ƙaramar wuta takan kuɓuce musu, kuma ko sun gani ba su kashewa. Sai mutum ya je da reshe ɗanye da fartanya.

Ƙonan daji laifi ne ko a wajen gandu: tun 2011 hukumar kare muhalli ta NESREA take da ƙa'idojin hana shi. Mutanen Ƙaraye kuwa suna da dalili na kusa. Madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Duk gangaren da wuta ta tsiraita, ruwan farko zai kwashe ƙasarsa ya zuba a cikinta, ta riƙa cikewa da yashi, masu noman rani da masunta su ji a jikinsu.

Don haka masu unguwanni da sarakunan dawa na Ƙaraye da Rogo, kafin hunturun bana ya kankama a yi shela: a share layi kewaye da tarin kara da rumbuna, a kuma ja wa masu farautar gafiya kunne.