Wake, idon zakara da tukunyar Goggo

Goggona ta shekara talatin tana suyar ƙosai da awara a Zongon Kwatano, ba nisa da babban masallaci. 'Yan zemijan, masu acaɓan nan da riguna ruwan ɗorawa, su ke fara yi mata ciniki bayan asuba. Kwanan baya na tarar da ita ranta a ɓace. Wani yaron maƙwabta ya nuna mata bidiyo a waya, wai wake guba ne, akwai wani abu cikinsa mai suna lektin da ke ɓata hanji.

"Ɗan nan, kai da ka yi boko," ta ce da ni, "ashe duk shekarun nan guba nake sayar wa bayin Allah?"

Na ce, "Goggo, kwantar da hankalinki. Lektin kam akwai shi, amma ba a ba ki labarin duka ba."

Lektin wani irin furotin ne. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da 'yan rassan sukari a bayanta, kamar tsagar gado a fuska. Shi lektin gwanin gane tsaga ne: in ya ga wadda ya sani sai ya cafke, sauran ko kallo ba su ishe shi ba. Shi ya sa William Boyd na Amurka ya raɗa masa wannan suna a 1954, daga kalmar Latin mai nufin zaɓe.

A kan zurma aka fara gano shi. A 1888 wani ɗalibi, Peter Hermann Stillmark, a jami'ar Dorpat da ke Estoniya ta yau, ya haɗa ruwan 'ya'yan zurma da jini, ya ga jajayen ƙwayoyin sun dunƙule wuri guda. Gubar ya kira ta risin. Ɓangarenta guda yana kama sukarin ƙwayar halitta, ɗayan ya kutsa ciki ya tsayar da aikinta. Idon zakara, jajayen 'ya'yan nan masu ɗigon baƙi da muka yi wasa da su muna yara, irin wannan guba ke cikinsu, abrin. Taurin ɓawonsu ne ya cece mu, shi da kiyayewar Allah. Har yau in na ga yaro da su a hannu sai gabana ya faɗi, don in an tauna ba wasa.

To, wake fa? Wanda lektin ya yi wa yawa shi ne jan waken Turawa mai siffar ƙoda. Ƙwaya huɗu ko biyar ɗanye sun isa su sa amai da gudawa. Amma a jiƙa shi, a zubar da ruwan, ya tafasa sosai minti goma ko fiye, sai furotin ɗin ya warware, ya daina gane kowace tsaga. Haɗarin yana ga dahuwar da ba ta kai tafasa ba. Waken namu na ƙosai da alala nasa kaɗan ne. Waken suya yana da shi, sai dai Goggo ba ta taɓa zuba ruwan tsami ba sai madarar ta tafasa ta taso har bakin tukunya.

Abin da mai bidiyon bai faɗa ba ya fi ba ni sha'awa. A dazukan Togo da Gana akwai wata shuka mai yaɗo, Griffonia simplicifolia. Ɗaya daga lektin ɗinta yana kama jinin rukunin B, wani kuma masana a jami'ar Purdue sun gwada shi a kan ƙwaron da ke huda mana wake a buhu, suka ga yana hana shi girma. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma da irin wannan dabara take laluben sukarin jan jini kafin ta shige, haka ƙwayar mura a maƙogwaro.

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk wanda ya san kuɗin nama a kasuwar Dantokpa ya san wake ne naman talaka. A tsorata uwa ta hana 'ya'yanta shi, me za ta ba su?

Goggo ta yi shiru, ta gyara icen murhu, mai ya ɗau zafi. Ta ce in kira mata yaron nan, ƙosan farko nasa ne.