Sukuta Ta Kama Amma Ta Ƙi Tafiya: Matsalar Sensar Birki

Sukutar lantarki tana da wani hali mai ruɗa sabon mai ita. Batir a cike, allo ya kawo wuta, a murɗa totur, shiru. Sai hankali ya tafi kan motar da ke juya taya ko batir, alhali sau da yawa laifin yana cikin hannun birki.

A cikin hannun akwai ɗan maganaɗisu da bai fi ƙwayar gero biyu ba, kusa da shi kuma sensa. Wadda aka fi sawa ita ce sensar Hall, mai sunan Edwin Hall, Ba'amurken da ya gano a 1879 cewa maganaɗisu yana karkatar da lantarkin da ke ratsa ƙarfe. Da an matsa birki maganaɗisun zai gusa, sensa ta sanar da kwantirola, kwantirola ta yanke wa mota wuta. Idan sensa ta ɗauka birki a matse yake, sukuta ba za ta motsa ba ko an murɗa totur har ƙarshe. A Xiaomi M365 da Ninebot Max wannan shi ne kuskure mai lamba 15. Lamba 14 ta totur ce.

A fara duba fitilar baya. In tana nuna an taka birki alhali ba a taɓa shi ba, an kama bakin zaren. A tura hannun birkin waje da yatsa: in fitilar ta koma daidai, sifirin ne ya saki, ko ƙura ta toshe, ko kebul ya yi tsauri. Sannan a kwance murfin a leƙa maganaɗisun, domin girgizar hanya kan fizgo shi daga gurbinsa. Ɗigon gam ya isa, amma a kula da fuskarsa, in aka juya shi baya sensa za ta karanta akasi.

Sai waya. Inda sandar tuƙi take naɗewa nan take gogewa har ta tsinke a ciki, roba lafiya lau. Sensar Hall wayoyi uku gare ta: ja mai bolt 5, baƙa, da ta saƙo. A ɗora mitar auna lantarki kan ta saƙon a matsa birki a hankali. In lambar ba ta motsa ba alhali wayoyin ba su tsinke ba, sensa ta mutu, a sauya hannun gaba ɗaya.

Wasu masu gyara sukan yi wa sensar dabara don sukuta ta tafi kawai. Ganganci ne, domin mota za ta ci gaba da ja lokacin da mahayi ke neman tsayawa, birkin lantarkin ma ya daina aiki.