BIRNIN OSAKA DA DARE

Da yawa daga cikinmu mun san Japan ta wurin kayanta tun kafin mu gan ta a taswira. Tsohuwar rediyon nan mai suna National, wadda iyayenmu suke jin labarai da ita, a birnin Osaka aka kafa kamfanin da ya ƙera ta, a shekara ta 1918. Taliyar leda kuwa, wadda ɗalibai suke dafawa cikin minti kaɗan, wani mutum mai suna Momofuku Ando ne ya ƙago irinta a 1958, a garin Ikeda kusa da Osaka. Ashe birnin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Bari mu zaga shi da dare mu ga fitilunsa, sa'an nan mu bincika abin da ya kunna su.

Osaka tana bakin teku a tsibirin Honshu, inda kogin Yodo yake ƙarewa. Mutanenta sun kai wajen miliyan 2.7, watau ita ce ta uku a yawan jama'a bayan Tokiyo da Yokohama. Tsakaninta da Tokiyo ya fi kilomita 500, amma jirgin ƙasa mai sauri da ake kira Shinkansen, wanda ya fara aiki a 1964, yana cinye wannan tafiya cikin kamar awa biyu da rabi.

In rana ta faɗi, jama'a sukan nufi unguwar Dotonbori. Wata mashigar ruwa ce da aka haƙa da hannu, ga dogayen gine-gine dama da hagu, fitilun talla masu launi iri iri suna haskawa har cikin ruwan. In muka tsaya a kan gadar Ebisu, za mu ga babban hoton wani ɗan tsere ya ɗaga hannuwa sama. Tallar kamfanin alewa ne mai suna Glico, tun 1935 yake wurin, ko da yake an sabunta shi sau da dama. Gaba kaɗan ga wata ƙatuwar ƙaguwa ta inji a bisa ƙofar gidan abinci, tana motsa ƙafafu.

Abinci shi ne babban abin da yake tara mutane a nan. Akwai takoyaki, wanda ya yi kama da ƙosai a girma, amma da fulawa ake yinsa, a sa masa gutsuren wata dabbar teku mai hannuwa takwas. Akwai okonomiyaki, watau wainar fulawa da kabeji da ƙwai, wadda a wasu shaguna a kan teburin mai ci ake toya ta. Akwai kuma kushikatsu, nama ko kayan lambu a tsinke kamar tsire, amma soyayye. Wannan yana da doka: in kwanon miyar na kowa da kowa ne, sau ɗaya ake tsomawa, wanda ya gatsa ba ya sake mayarwa. Japanawa suna da kalma domin halin mutanen Osaka, kuidaore, ma'anarta mutum ya yi ta ci har ya tsiyace.

To, yaya aka yi wannan unguwa ta zama haka? Sai mu koma baya shekara ɗari huɗu. A 1583 wani babban jarumi mai suna Toyotomi Hideyoshi, wanda ya haɗa kan ƙasar Japan, ya fara gina fadarsa mai ganuwa a Osaka, ya jawo 'yan kasuwa da masu sana'a suka zauna kewaye da ita. Shi ne kuma ya ba da umarni aka gicciye Kirista 26 a Nagasaki a 1597, yawancinsu a Kiyoto da Osaka aka kama su. Bayan mutuwarsa, Tokugawa Ieyasu ya yaƙi gidansa, ya ci fadar a 1615. Mulki ya tabbata a birnin Edo, wanda yau ake kira Tokiyo.

Osaka ta rasa sarauta, amma kasuwa ba ta tashi ba. A zamanin nan da shinkafa ake biyan haraji, da ita kuma ake auna arzikin sarakuna. Sarakunan larduna suka gina rumbuna a bakin kogunan Osaka, suna aiko da shinkafarsu ta jirgin ruwa a sayar musu. Daga nan aka yi wa birnin kirari da “madafar ƙasa”. A kasuwar shinkafa ta Dojima, wadda hukuma ta amince da ita a 1730, har shinkafar da ba a girbe ba akan yi cinikinta, a yanke farashi yau, a cika alkawari wata rana. Masana tattalin arziki suna lissafta ta a matsayin kasuwa ta farko a duniya da ta tsara irin wannan ciniki. Ba mamaki tsohuwar gaisuwar 'yan kasuwar Osaka ita ce “Ana samun riba?”, a amsa “To, kaɗan kaɗan.” Duk wanda ya saba jin “Ina kasuwa?” zai gane wannan.

Kuɗin 'yan kasuwan nan ne ya haifi Dotonbori. Wani attajiri mai suna Doton ya fara haƙa mashigar a 1612 domin jiragen kaya. Ya mutu a yaƙin 1615, danginsa suka ƙarasa aikin, aka sa wa ruwan sunansa. Ba a daɗe ba gidajen wasan kwaikwayo suka jeru a bakinsa, masu sayar da abinci suka biyo 'yan kallo. A nan ne wasan 'yar tsana da ake kira bunraku ya bunƙasa, a gidan wasa na Takemoto da aka buɗe a 1684. Mutum uku ne suke sarrafa 'yar tsana guda: ɗaya kai da hannun dama, ɗaya hannun hagu, ɗaya ƙafafu. Masu sana'ar sukan ce almajiri yakan yi shekara goma a kan ƙafafu, ya yi goma a kan hannun hagu, kafin a ba shi kai. Har yanzu ana yin wasan a babban gidan bunraku na ƙasa, wanda aka buɗe a 1984 kusa da Dotonbori.

Akwai daren da mutanen Osaka ba su manta da shi ba. A daren 13 ga Maris, 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen saman Amurka fiye da 270 suka yi wa birnin ruwan bama-bamai masu ƙonewa. Mutane kusan 4,000 suka mutu, tsakiyar gari ta zama toka. In muka ratse daga hayaniyar Dotonbori muka shiga wani ɗan lungu, za mu iske haikalin Buddha na Hozenji. Ya ƙone a wannan yaƙi, sai wani gunkin dutse ne ya tsira. Masu addinin suna watsa masa ruwa sa'ad da suke roƙo, har gansakuka ta rufe shi ruf. Shekara 25 kacal bayan wannan gobara, aka yi baje kolin duniya na 1970 a Osaka, na farko a nahiyar Asiya, mutane fiye da miliyan 64 suka halarta. An sake yin wani a 2025.

Amma kada hasken ya rufe mana ido. Da yawa daga cikin masu cika gidajen giya ma'aikata ne da suka tashi aiki a makare. Doka ta hana wanda bai kai shekara 20 ba shan barasa, duk da haka manya da dama sukan wuce gona da iri. Jiragen ƙasa suna daina aiki wajen tsakar dare, wanda ya rasa na ƙarshe sai ya nemi makwanci. Domin irin waɗannan ne aka buɗe wani sabon irin masauki a Osaka a 1979, inda ɗakin kwana bai fi akwatin da mutum zai miƙe a ciki ba. Yawan aiki ya yi tsanani a Japan har akwai kalmar karoshi, watau mutuwa saboda aiki. Kudu da Dotonbori kuma akwai unguwar Kamagasaki, inda leburori suka taru a shekarun gine-gine. Su ne suka ɗauki siminti da ƙarfe aka gina birnin, yau da yawansu sun tsufa cikin talauci, ba iyali kusa.

Ɗalibanmu da za su fita bana, wasunku za su tafi manyan birane, fitilu kuwa suna da ruɗi. Mun ga cewa na Osaka shinkafar manomi ce ta kunna su, da alkawarin ɗan kasuwa, da haƙurin almajirin da ya yi shekara goma yana motsa ƙafar 'yar tsana, da gumin lebura. Duk birnin da kuka shiga, ku ci abincinsa, ku yi kallo, amma ku tambayi wanda ya gina shi da halin da yake ciki yanzu. Hausawa sun ce, sai an sha wuya akan sha daɗi. Mu dai roƙonmu shi ne, in daɗin ya zo, kada a manta da wanda ya sha wuyar.