Shiri na Musamman: Uwargida da Idonta Biyu Cikin Dare

Shirinmu na yau na iyayenmu mata ne da yayyenmu da suka haura shekara 40, waɗanda idan gari ya yi tsit kowa ya yi barci, su idonsu biyu. Maza kuma kada ku kauda akalar rediyo, domin akwai rabonku a cikin zancen.

Galibi ba farkon dare ne ke ba ta wahala ba. Ta yi sallar isha'i, ta kimtsa gida, ta kwanta, barci ya ɗauke ta lafiya lau. Can wajen ƙarfe 2 ko 3 sai ta farka firgigit. Zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa wuya zuwa fuska, gaba na faɗuwa, riga ta jiƙe sharkaf da gumi. Ta yaye mayafi, ta kurɓi ruwa, ba a jima ba sanyi ya kama ta. Zafin kansa bai cika wuce minti 5 ba, amma barcin da ya kora ba ya dawowa sai an kusa kiran assalatu. Da gari ya waye girki na jira, makaranta ko ofis ko sana'a na jira, kai ya yi nauyi, mantuwa ta yi yawa, abu kaɗan ya ɓata mata rai. Yara su ce Mama ta cika faɗa kwanan nan. Maigida ya ce ta canja hali. Wata maƙwabciya ta ce ai wannan ba ciwon asibiti ba ne, ko iska ce, ko an yi mata jifa.

Hajiya, abin da ke damunki yana da dalili a cikin jiki, kuma likitoci sun san shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'ada na ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 a jere ba a gan ta ba. Amma kafin a kai nan akwai shekarun tsakani, waɗanda al'adar ke rikicewa: wani watan ta zo da wuri, wani ta yi jinkiri, wani ta zo da yawa, wani ta tsallake. A waɗannan shekarun ne barci ya fi lalacewa. Jakunkunan ƙwan haihuwa biyu da ke gefen mahaifa su ne ke samar da sinadarai biyu, istirojin da furojestaron. Shi istirojin ba a hankali yake raguwa ba, hawa yake yi yana sauka ba tsari. Wannan kai-komon na rikita sashen ƙwaƙwalwa da ke daidaita zafin jiki, har ya zama ɗan ɗumi kaɗan ya isa ya sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka jiki ya yi zafi fiye da kima. Nan take sai ta buɗe jijiyoyin jini na fata, ta saki gumi, zuciya ta ƙara bugu. Shi kuwa furojestaron yana da wani tasiri na kwantar da ƙwaƙwalwa, kuma duk watan da ƙwai bai fita ba, ƙaranci yake yi. Ga mafitsara da ke fara tayar da mace sau biyu ko uku cikin dare. Ga shekaru su kansu, da ke sa barcin kowa, mace ko namiji, ya rage nauyi.

Nawa ne tsawon wannan hali? Akwai wani babban bincike da ake kira SWAN, wanda ya fara bibiyar mata sama da 3,000 a Amurka tun 1996. A rahoton da masu binciken suka fitar a 2015, sun gano cewa matan da ke yawan samun wannan zafi da gumin dare, rabinsu sun haura shekara 7 suna fama da shi. A tsakanin baƙaƙen fata kuwa tsawon ya kai kusan shekara 10. Don haka ni ban yarda da a ce wa mace “ki yi haƙuri, zai wuce” a tsaya nan ba. Haƙuri abu ne mai kyau, amma shekara 7 ba barci ba ƙaramin abu ba ne. Yana taɓa hawan jini, yana taɓa sukari, yana taɓa zaman aure.

Mu kuma a nan muna da ƙarin namu. Daga watan Maris zuwa Mayu, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafi na haura digiri 40 da rana. Kwanon rufi ya sha rana yini guda, cikin dare ya dinga amayar da ita cikin ɗaki, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Matar da jikinta ke ƙirƙirar nasa zafin, ta ina za ta fara?

Kafin mu je ga magani, akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba. Ba kowane gumin dare ba ne na ɗaukewar al'ada. Idan yana tare da tari na fiye da mako 2, da rama, da zazzaɓin yamma, a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati na Najeriya. Yawan fitsarin dare da ƙishirwa na iya zama ciwon sukari. Bugun zuciya da rama da rawar hannu na iya zama matsalar ƙwayar maƙogwaro, wadda ke kawo maƙoƙo. Idan wanda kike kwana da shi ya ce kina minshari mai ƙarfi, numfashinki na ɗaukewa ya dawo, wannan ciwo ne da ke ƙaruwa ga mata a waɗannan shekarun, kuma yana tayar da hawan jini. Wasu matan kuma ƙafafunsu ne ke hana su sakat, suna jin kamar wani abu na yawo a ciki, sai sun motsa su suke samun sauƙi. Sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ne ke kawo hakan, kuma zubar jini mai yawa lokacin al'ada shi ne ke zuƙe shi. Wadda kuma ta ga komai ya fita ranta, kuka na zuwar mata ba dalili, har tana tunanin gara mutuwa, ta gaya wa likita a yau ba gobe ba. Jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke shekara guda, shi ma ba a zama da shi a gida.

To, sai maganar kemis, kuma a nan zan ɗan tsaya. Mace ta gaji, ta aiki yaro da kuɗi ya sayo mata maganin barci. A ba shi Valium, ko Lexotan, ko Piriton, ko wani ruwan maganin tari. Daren farko ta yi barci kamar an ɗauke ta, ta ce ta samu lafiya. Bayan 'yan makonni ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu. Ranar da ba ta sha ba, rashin barcin ya dawo fiye da na da. Su Valium da Lexotan jiki na sabawa da su da sauri, suna kawo jiri da mantuwa, suna sa mace ta yanke jiki ta faɗi idan ta tashi fitsari cikin dare, a daidai shekarun da ƙashinta ya fara rauni. Ruwan maganin tari mai kodin kuwa, tun 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta yin sa da shigo da shi saboda ɓarnar da ya yi, kuma matan aure na cikin waɗanda ya cinye. Wadda ta riga ta daɗe tana shan ƙwayar barci, kada ta yanke rana ɗaya, domin hakan na iya kawo farfaɗiya. Ta je wa likita ta faɗa masa gaskiya, shi zai tsara mata yadda za ta rage a hankali. Ba abin kunya ba ne. Haka nan haɗe-haɗen da ake tallar su a mota da lasifika, ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki.

Abin da ya fi ƙwaya aiki shi ne sake tsarin barcin kansa. A 2016 babbar ƙungiyar likitocin ciwon cikin jiki ta Amurka ta ce wannan horon shi ne za a fara ba mai fama da daɗaɗɗen rashin barci, kafin a yi zancen ƙwaya. A shekarar ne kuma aka wallafa wani gwaji da aka yi da mata 106 masu rashin barci da zafin ɗaukewar al'ada, inda aka koya wa rabinsu tsarin ta wayar tarho cikin mako 8, barcinsu ya gyaru ƙwarai, duk da cewa zafin bai daina zuwa ba. Ku lura da wannan: zafin na tayar da mace, amma abin da ke hana ta komawa barci, shi ake iya gyarawa.

Tushen tsarin shi ne lokacin tashi guda ɗaya kullum, ko an yi barci ko ba a yi ba. Mu Allah Ya hutar da mu neman agogo, asuba na nan. Matsalar ita ce doguwar ramuwa: a koma bayan sallah a kai har hantsi, a kuma yi wani dogon bayan azahar. Barci kamar yunwa yake, wanda ya yini yana ciye-ciye ba zai yi marmarin tuwon dare ba. A yi ƙailula, amma kada ta wuce minti 30, kuma a tashi kafin la'asar. Da safe a fita tsakar gida a sha hasken rana, domin da shi ƙwaƙwalwa ke saita agogonta.

Kada ki kwanta sai barci ya zo idonki, ko da maigida da yara sun riga ki. Idan kuma kin farka tsakar dare, kin yi kamar minti 20 kina juyi, ki tashi daga shimfiɗar. Ki zauna a kan tabarma ko kujera cikin haske kaɗan, ki ja carbinki, ki yi azkar, ki yi numfashi a hankali. Sai kin ji idonki ya yi nauyi ki koma. Dalili shi ne, idan mace ta shafe watanni tana juyi da tunani a kan gado, ƙwaƙwalwa na koyon cewa gado wurin damuwa ne, har ta zama da ta ga matashin kai gabanta ya faɗi. Waya kuwa a ajiye ta nesa. Duba lokaci na ƙara fargaba, WhatsApp da TikTok na wartsakar da ido. Makonni biyun farko da wuya, za ki ji kamar gajiyar ƙaruwa take yi. Ki daure, bayan nan ne ake ganin amfanin.

Sai goro. Na san wannan zai yi wa iyayenmu zafi. Goro na ɗauke da sinadarin kafin, irin wanda ke cikin Nescafé da shayi da lemukan kwalba masu duhu, kuma jiki na ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabinsa kawai. Goron da kika ɓantara bayan la'asar yana nan cikin jininki har tsakar dare. Ban ce ki daina ba, ki ci shi da safe, daga azahar ki haƙura. Abinci mai nauyi da yaji dab da kwanciya, ko shayi mai zafi da citta, kan tayar wa wasu mata zafin. Ruwa a sha shi sosai da rana, a rage bayan isha'i. A watsa ruwa kafin a kwanta, a sa riga ko zanin auduga mara nauyi, a ajiye wani a kusa don canjawa, da ruwan randa da mafici. Lokacin bazara, idan gidan da tsaro, kwanan tsakar gida cikin gidan sauro ya fi ɗakin kwano. Tafiyar ƙasa ta minti 30 da safe ko da yamma tana taimakawa. Lissafin kuɗin makaranta da kayan ɗakin yarinyar da za a aurar, a ware musu lokaci da yamma, a rubuta ko a tattauna, kada a kai su kan gado.

Idan an yi duk wannan zafin na nan yana tayar da ke sau uku sau huɗu, akwai magani a asibiti. Mafi ƙarfinsa shi ne mayar wa jiki sinadaran da suka ragu, ta ƙwaya ko man shafawa ko filasta. Wani bincike da ya fito a Amurka a 2002 ya tsorata duniya da shi, amma da aka sake nazari, likitoci sun tsaya a kan cewa ga yawancin mata masu lafiya da ba su kai shekara 60 ba, amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa. Bai dace da wadda ta taɓa yin kansar mama, ko daskarewar jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta ba, kuma su ma akwai wasu magungunan da ake ba su. Likitan mata ne ke yanke wannan hukunci, ba mai kemis ba. Ana samun su a manyan asibitocin jihohi da na koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kafin ki je, ki yi mako 2 kina rubuta lokacin da kika kwanta, sau nawa kika farka, da ranakun al'adarki, ko ki sa 'yarki ta rubuta miki. Addu'a da ruƙiyya ba su hana wannan tafiyar, a haɗa su da ita.

Yanzu gare ka, Alhaji, maigida. Idan uwargida ta ce za ta shimfiɗa tabarma kusa da taga, ko ta ce yau a ƙyale ta ta huta, ba gudunka take yi ba, zafi ne ke korar ta. Matar da ta shekara 20 ko 30 tana tashi cikin dare don goyo da jinyar 'ya'yanka, yau ita ce ke neman a duba ta. Ku 'yan mata da samarin gida, ku karɓi karin kumallo da shara ku bar Mama ta sarara. Amarya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, idan kin ga Yaya ta kwana ba barci ki ɗauke mata girkin ranar. Alhaji, kai kuma ka tambaye ta yau da dare yadda take kwana, ka saurara har ta gama, sannan cikin makon nan ka ɗauke ta da kanka ku je asibiti.